Gidan da Jan Fenti Ya Tsallake

Idan babban aiki ya shigo gari, faɗaɗa titi ne ko sabunta kasuwa, hankalin kowa yana kan gidajen da aka shafa wa jan fenti. Su ake ƙidayawa, su ake biya. Maƙwabcin da fentin ya tsallake kuwa sai a ce ya auna arziki. Aikina shi ne ƙiyasta darajar gidaje da gonaki don biyan diyya, kuma abin da nake gani a fagen aiki shi ne sau da yawa wannan maƙwabcin ne ke kwana ciki.

Mu mutanen Mafara, Bakura da Maradun ba sai an ba mu labari ba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gonaki, an tashi dubban mutane, kuma rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda sun buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980. Wannan kowa ya sani. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar. Ba wanda ya taɓa gonarsu, don haka ba su shiga lissafin kowa ba. Amma ruwan da kan malale fadama duk damina ya ragu, shinkafa ta ja baya, wasu suka koma gero da dawa, masunta ma suka ji a jikinsu.

A cikin gari ma haka abin yake, sai dai a ƙaramin ma'auni. Ana cike titi da jar ƙasa har ya fi daɓen gida tudu, ruwan sama na farko ya gangaro ya shige zaure. Rola tana daddanne hanya, girgizarta na tsaga katanga, musamman ginin ƙasa. An rushe gidan maƙwabci, bangon da kuka yi shekaru kuna tarayya a kansa ya rage tsirara, ga damina na tafe. Kwalbatin da aka gina ya raba mai shago da masu sayayya, babu gadar tsallakawa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda aka yanke wa zaure da bayan gida, aka biya shi kuɗin iya abin da aka rushe, aka bar shi da iyali a gidan da ba ya zaunuwa, mata ba su da sutura daga idon masu wucewa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta yi tanadin diyya ne ga wanda aka karɓe wa fili, a kan gini ko shukar da ke kai. Wanda ba a karɓi nasa ba sai ya kawo hujjar ɓarnar da aka yi masa. A ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗi, irin gyaran noman rani na Bakolori da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, ƙa'ida ta fi sauƙi: akwai kwamitin sauraron koke, kuma idan abin da ya rage na kadara ba zai amfanu ba, ana biya kamar duka aka karɓa.

Saboda haka, 'yan'uwa, tun kafin katafila ta iso ku ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, mai unguwa yana shaida. Ku tambayi injiniyan da ke kula da aikin tsayin da titin zai kai da inda ruwa zai bi. Tambaya ce ta haƙƙi, ba rashin kunya ba. In tsaga ta bayyana, a rubuta takarda, a riƙe kwafi mai sa hannun wanda ya karɓa. Koken baki ba ya shiga fayil. Maƙwabta goma a takarda ɗaya sun fi mutum ɗaya samun kunne.

Kada kuma a jira sai bayan bikin buɗewa. A yawancin kwangiloli ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wani lokaci, galibi shekara guda, don gyaran abin da ya lalace. Da zarar an sake masa wannan kuɗin ya kwashe injinansa, samun wanda zai gyara maka katanga ya zama aiki ja.