Tawayen Chadi: Su Wa Suka Ɗauki Makami, Su Wa Suka Sa Hannu

Kalmar "'yan tawaye" kalma ce mai jimla, wadda kan tattara mutane iri-iri ta zuba su cikin kwando ɗaya. In mai sauraron rediyo ya ji an ce 'yan tawaye sun kama gari kaza, abin da kan zo masa a rai shi ne runduna guda mai shugaba guda da manufa guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa al'amarin ba haka yake ba, ta hanyar nazarin tawayen da aka yi a ƙasar Chadi daga 1965 zuwa 1987. An zaɓi Chadi ne domin maƙwabciya ce, kuma domin a Kano da Ikko aka zauna sulhunta rikicin a 1979.

Asalin rikicin

Chadi ta sami mulkin kai daga Faransa ranar 11 ga Agusta, 1960, ƙarƙashin Faransuwa Tombalbai, mutumin kudu daga ƙabilar Sara. Turawan mulkin mallaka sun fi mai da hankali ga kudu, inda ake noman auduga, can kuma makarantun boko suka fi yawa. Saboda haka da aka zo rabon muƙamai, yawancin ma'aikata da sojoji daga kudu suka fito, aka tura su mulkin arewa da gabas, wuraren Musulmi, waɗanda ba su jin harshensu. A 1962 Tombalbai ya soke dukkan jam'iyyun adawa.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka fara tayarwa manoma ne da makiyaya, waɗanda ba ruwansu da jam'iyya. A ƙarshen 1965 mutanen Mubi na Mangalme, cikin lardin Gera, suka far wa masu karɓar haraji, domin ana karɓarsa fiye da ƙima, ga kuma wani bashin ƙasa da aka ɗora wa talakawa tilas. Gwamnati ta aika da sojoji, aka kashe mutane da yawa, sauran suka shiga daji. Wannan a Hausa sunansa bore, watau tunzurin wanda aka matsa wa lamba. Mutumin Mangalme bai san zancen jari-hujja ko gurguzu ba. Abin da ya sani shi ne an ƙwace masa saniya.

Sai daga baya masu ilmi suka zo suka raɗa wa boren suna. Ranar 22 ga Yuni, 1966, a garin Nyala na Sudan, aka kafa ƙungiyar FROLINAT, Ibrahim Abaca ya zama shugabanta. Waɗanda suka kafa ta 'yan gudun hijira ne da ɗalibai, cikinsu har da waɗanda suka yi karatu a Alƙahira, masu takardun shaidar Larabci da gwamnatin da ke aiki da Faransanci ba ta damu da su ba. Su ne suka rubuta manufofi: korar sansanonin sojan Faransa, da daidaita Larabci da Faransanci, da gyaran zaman talakawa. Abaca dai ya shiga daji ya yi yaƙi da kansa har aka kashe shi a Fabrairun 1968. Wanda ya gaje shi, Dakta Abba Siddik, daga ƙasashen waje ya riƙa ba da umurni, mayaƙan daji kuwa ba su ga dalilin bin wanda bai taɓa kwana da ƙishirwa tare da su ba.

A can arewa mai nisa labarin daban ne. Sojan Faransa ne suka ci gaba da riƙon Borku da Enedi da Tibesti har Janairun 1965. Da suka tashi, sababbin masu mulki suka shiga wulaƙanta Tubawa, har da hana su naɗa rawani da rataya wuƙa, abin da Batube ke ɗauka tamkar tuɓe shi ne a bainar jama'a. Darde, watau babban sarkin Tubawan Tibesti, ya yi hijira zuwa Libiya a 1966, 'ya'yansa suka ɗauki bindiga. Ɗayansu shi ne Gukuni Waddai. A nan mutunci da sarauta ne suka tura mutane daji. Sa'an nan ga Husaini Habre, wanda ya yi karatu a Faris, ya kuma taɓa yi wa gwamnati aiki kafin ya shiga tawayen a 1971. Irinsa kujerar mulki suke hange tun daga ranar farko.

Ke nan rundunar da ake kira da suna ɗaya ta ƙunshi manomin da haraji ya kora, da ɗalibin da aka hana aiki, da ɗan sarkin da aka ci wa zarafi, da ɗan bokon da ke neman iko. Ƙin Tombalbai kaɗai ya haɗa su. Da sojojinsa suka kashe shi ranar 13 ga Afrilu, 1975, Janar Malum ya hau, sai igiyar ta tsinke. Ya zuwa Agustan 1979, lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar Ikko, ƙungiyoyi 11 ne suka zauna a teburin.

Hannun ƙasashen waje

Ta waɗannan tsagogi ne baƙi suka shigo, kuma gaskiyar magana ita ce sau da yawa kiran su aka yi. Tombalbai ne ya nemi Faransa bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu, ta kuwa aiko da sojoji suka yi yaƙi daga 1969 zuwa 1972. Faransa ba wai arzikin Chadi ya ruɗe ta ba, domin a lokacin ba a fara haƙo mai ba. Damuwarta ita ce, in ta bari gwamnatin da ta kafa ta faɗi, sauran shugabannin ƙasashen renonta za su daina amincewa da alkawarinta. Ga Nijar a gefe, inda a wancan lokaci ake haƙo mata yuraniyom a Arlit. Amma ita kanta ta gane cewa zaluncin masu mulki ne tushen fitinar, don haka ta gindaya sharaɗin a gyara tsarin mulkin lardi, a kuma mai da wa sarakuna wani abu na ikonsu.

Libiya ce ta fi kowa nitsewa. Mu'ammar Gaddafi, wanda ya hau mulki a 1969, yana da'awar zirin Awuzu, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 114,000, yana kafa hujja da wata yarjejeniyar 1935 tsakanin Faransa da Italiya wadda ba a taɓa zartar da ita ba. A 1973 sojojinsa suka mamaye wurin. Taimakon da ya riƙa bai wa 'yan tawaye yana da farashi, watau su kau da kai daga zancen Awuzu. A kan wannan ne Gukuni da Habre suka ɓata a 1976: Gukuni ya ga ba yadda za a yi yaƙi ba makamai, Habre ya ƙi. Da makaman Libiya Gukuni ya ci Faya a Fabrairun 1978, Habre kuwa ya koma wajen Malum ya zama firayim minista a Agustan wannan shekara. Har ila yau Gaddafi bai sakankance da Gukuni ba, sai ya riƙa renon wata ƙungiya ta Larabawan Chadi ƙarƙashin Asil Ahmad, don in wannan ya ƙi, wancan ya so. Mai ba da makami bai cika son wanda yake ba ya yi ƙarfin da zai iya ce masa a'a ba.

Nijeriya ma ba 'yar kallo ba ce. Da yaƙi ya ɓarke cikin Njamena a Fabrairun 1979, ta kira taro a Kano a watan Maris, ta sake kira a Afrilu, ta kuma aika da sojojin kiyaye zaman lafiya. Dalilanta a fili suke: iyakar Barno, da 'yan gudun hijira, da ƙin ganin Faransa ko Libiya a bakin ƙofarta. Sai dai ita ma tana da ƙungiyar da take goya wa baya a yankin Tafkin Chadi, wadda ɗan cikinta, Lol Muhammad Shuwa, ya riƙe shugabancin ƙasa na 'yan watanni a 1979. Mai sulhu da ke da ɗa a cikin masu faɗa, da wuya sauran su yarda da hukuncinsa.

Gwamnatin haɗin gwiwar da aka kafa bayan taron Ikko ba ta yi ƙarko ba. A Maris na 1980 shugaban ƙasa Gukuni da ministan tsaronsa Habre suka gwabza cikin babban birni, jama'a suka riƙa ƙetara kogi zuwa Kusuri ta Kamaru. Tankokin Libiya suka shigo a Disamba suka kori Habre, kuma a Janairun 1981 aka ba da sanarwar shirin haɗe ƙasashen biyu. Wannan sanarwa ita ta jawo Amurka. Gwamnatin Regan ba ta da wata bukata a Tibesti. Gaddafi take so ta karya, Habre kuwa shi ne sandar da ke kusa. Ta Sudan da Masar aka riƙa tura masa kuɗi da makamai, ya shiga Njamena ranar 7 ga Yuni, 1982. Faransa, wadda a 1974 Habre ya sace mata 'yar ƙasa mai binciken kayan tarihi, Madam Kulostir, ya kuma kashe hafsan da ta aika fansa a 1975, ita ce ta turo sojoji kare shi a 1983 da 1986.

A 1987 mayaƙan Habre, cikin motocin Toyota ɗauke da makaman Faransa, suka fatattaki sojan Libiya a Fada da Wadi Dum, kuma yawancin mutanen Gukuni sun riga sun juya sun haɗa kai da su. Awuzu kuwa bindiga ba ta yanke zancenta ba. Kotun Duniya ce ta ba Chadi ita a Fabrairun 1994. Kafin nan Idris Debi, tsohon kwamandan Habre, ya taso daga Darfur ya kore shi a Disambar 1990, Faransa tana kallo ba ta hana ba. A Mayun 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai saboda kisa da azabtarwar da aka yi a zamaninsa, shekarun da Faransa da Amurka ke ba shi makamai. Debi kuma ya mutu a Afrilun 2021 a fagen yaƙi da wasu 'yan tawaye da suka gangaro daga kudancin Libiya.