Darasi: Yadda Ake Cewa "Tsalle" a Hayin Konni

Duk mazaunin Illela ya san Birnin Konni ba ta da nisa. Ran Lahadi mutanenta su zo mana kasuwa, ran Laraba mu je musu, kuma da Hausa ake ciniki, ba a neman tafinta. A shekarar 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai har yanzu rasiɗin duwan, da kwalin magani, da littafin ɗan lakwal, galibinsu da Faransanci suke. Tunda kun fara haɗa baƙi da wasali, bai kamata takardar hayin iyaka ta gagare ku ɗungurungum ba. Yau kalma ɗaya za mu kama, mu jujjuya ta.

Kalmar ita ce sauter, ana furta ta "sote". Ma'anarta ta farko yin tsalle.

Ku dubi Hausa tukuna. Muna cewa ina tsalle, kana tsalle, muna tsalle. Abin da ke gaba ne yake sauyawa, tsalle kuwa yana nan yadda yake. A Faransanci har wutsiyar kalmar sai ta sauya:

Je saute, ina tsalle.
Tu sautes, kana tsalle ko kina tsalle.
Il saute, yana tsalle. Elle saute, tana tsalle.
Nous sautons, muna tsalle.
Vous sautez, kuna tsalle.
Ils sautent, suna tsalle.

A nan ne sabon mai karatu yake tuntuɓe, don haka mu tsaya sosai. A bokon Hausa duk harafin da aka rubuta sai an furta shi. Faransanci ba haka yake ba. Harafin a da u in sun haɗu "o" ake faɗi, kuma haruffan ƙarshe da yawa na ido ne kawai, baki ba ya taɓa su. Saute, sautes da sautent rubutu uku ne, amma duka "sot" ake cewa. Biyu kaɗai suka fita daban a kunne: sautons, "soton", ƙarshenta ta hanci take fita, sai sautez, "sote". Wanda ya karanta sautent ya ce "sa-u-tent", mutumin Konni ba zai gane shi ba, ko da kuwa ya yi makaranta mai zurfi.

Ku riƙe vous da kyau. Kamar yadda muke ce wa dattijo "ku" ko da shi kaɗai ne, haka ake ce wa jandarma ko likita vous. Tu na yaro ne da abokin wasa.

In abu ya wuce, sai a ce j'ai sauté, na yi tsalle, ko nous avons sauté, mun yi tsalle. In yana tafe, je vais sauter, zan yi tsalle. Ku lura da ɗan karan da ke bisa é. Shi ya raba saute da sauté, kamar yadda lanƙwasa ta raba baki da baƙi. Kada ku bar shi in kuna rubutu.

Amfanin kalmar ya fi yawa a ma'anarta ta biyu, wato tsallake abu, a bar shi ba a yi ba. Sauter un repas, tsallake cin abinci. Sauter une ligne, tsallake layi a takarda. Sauter une classe, yaro mai ƙwazo ya tsallake aji. In kuka ga ne sautez pas a takardar magani, ana nufin kada ku tsallake, ku sha kowane lokaci da aka ƙayyade. Wannan jimla ina so kowa ya haddace ta, musamman iyaye mata masu ba yara maganin zazzaɓin cizon sauro, domin dainawa da zarar jiki ya yi sanyi na iya dawo da ciwon. Mai gyaran wuta kuma in ya ce le fusible a sauté, fis ne ya ƙone.

Akwai wurin da Hausa za ta iya ruɗin ku. Mu kan ce mun tsallaka iyaka, amma a Faransanci traverser ko passer ake cewa. Sauter na haura katanga ne, ba maganar da za a yi gaban ma'aikacin duwan ba ce.

Masu kallon wasan Real Madrid da Barcelona, ku ma ga naku. A Sifaniyanci kalmar saltar ce, uwarsu ɗaya da sauter, wato saltare ta harshen Latin. Ana cewa salto, saltas, salta, saltamos, saltáis, saltan. Su kowace wutsiya ana furta ta, shi ya sa salto kaɗai ta isa ta ce ina tsalle.

Aikin gida: ku kwafi layuka shidan nan na Faransanci, daga je saute zuwa ils sautent, a littafinku, ku ja layi ƙarƙashin haruffan da ba a furtawa. Wanda ke da kwalin magani daga Konni ya zo da shi aji na gaba, mu karanta tare.