Yadda Ake Gano Kusurwar da Ta Ɓuya da Lissafin Aljabra

Ana auna kusurwa da digiri, kuma ƙa'idoji uku ke riƙe da tambayoyin kusurwa masu yawa da ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da na sakandaren Gwaram ke cin karo da su a jarrabawar WAEC da NECO. Kusurwoyin da ke kan miƙaƙƙen layi suna haɗa digiri 180. Kusurwoyi uku na cikin alwatika su ma 180 ne. Waɗanda suka kewaye ɗigo guda kuwa 360 ne.

Da farko a zana siffar, a sa wa abin da ba a sani ba harafin x. Misali, kafinta a Gwaram yana haɗa katakon rufin kwano mai siffar alwatika: kusurwoyin ƙasa biyu daidai suke, ta sama kuma ta ninka kowacce sau huɗu. Sai a rubuta x + x + 4x = 180, wato 6x = 180. A raba kowane ɓangare gida shida, x ya zama 30. Kusurwar sama ke nan 120.

Alamar daidai kamar sikelin mai awo a kasuwa take: duk abin da aka cire a hannun dama, dole a cire irinsa a hagu. Wannan gyaran ɓangarori shi Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya bayyana a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga kalmar "al-jabr" ta sunan littafinsa aka samo sunan aljabra.

In lambobi sun rataya a jikin x, aikin ya ɗan ƙaru. A ce iyakar gona ta taɓa miƙaƙƙiyar hanya ta ba da kusurwa biyu, 2x + 10 da 3x + 20. A tara kowa da jinsinsa, a sami 5x + 30 = 180. A cire 30 daga ɓangarorin biyu, saura 5x = 150, sannan a raba gida biyar: x = 30.

Nan ne da yawa kan ajiye biro su zubar da maki, domin kusurwa aka tambaya, ba x ba. A mayar da 30 cikin kowacce: ta farko 70, ta biyu 110. A haɗa su a gani. Idan ba su ba da 180 ba, a koma layin da aka yi cirewa, galibi a nan kuskuren yake.