Asalin Sunaye da Haƙƙin Ɗa a kan Mahaifinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yana daga cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa ya zaɓa masa suna mai kyau. Ragon da aka yanka ran bakwai ana cinye shi cikin 'yan kwanaki, amma sunan da aka raɗa shi za a riƙa kiran yaro da shi har a kan makara. Saboda haka ne malamai ba su raina binciken asalin sunaye ba. Ibn Duraid, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 321 bayan Hijira, ya wallafa Kitabul Ishtiƙaƙ don mai da martani ga masu cewa sunayen Larabawa ba su da ma'ana, ya bi sunayen ƙabilunsu yana mai da su zuwa tushensu.

Cikakken sunan Balarabe yana da gaɓoɓi biyar: sunan yanka, da alkunya mai farawa da Abu ko Ummu, da nasaba zuwa ga uba, da laƙabi, sa'an nan danganta mutum ga gari ko ƙabila. Halifa na farko, Allah Ya yarda da shi, sunansa na yanka Abdullahi, Abubakar alkunyarsa ce, Siddiƙu da Atiƙu kuwa laƙubbansa ne. Da waɗannan suka iso ƙasar Hausa sai kowanne ya tsaya da ƙafarsa ya zama suna, har Abubakar ya sami Habu da Garba da Buba. Haka Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Maryamu ta zama Mairo. Kowane harshe yana lanƙwasa baƙon suna yadda bakin mutanensa zai iya ɗauka: Muhammadu shi ne Mamman a Hausa, Mamadu a Mali, Mehmet a Turkiyya.

Su kansu Larabawa sun ari sunaye. Malaman nahawu sun tabbatar da cewa Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa da Yaƙuba ba Larabci ba ne, shi ya sa ba a yi musu tanwini. Isma'ila a harshen Ibrananci yana nufin Allah Ya ji. Watau ba sharaɗi ba ne suna ya zama na Larabci. Sunayen Hausa irin su Tanko, wanda aka haifa bayan 'ya'ya mata, da Kande, wadda ta biyo bayan maza, da Jummai da Ɗanladi, ba su ɗauke da abin ƙi, tarihin haihuwa kawai suke faɗi.

Abin da shari'a ta duba shi ne ma'ana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana sauya mummunan suna. Muslim ya ruwaito cewa ya mai da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya zuwa Jamila. A nan akwai darasi ga mai dogara da rubutun boko kaɗai, domin Asiya biyu ce a Larabci. Wadda ake rubutawa da ainu da sadi ma'anarta mai saɓo, ita aka sauya. Wadda ake rubutawa da alif da sinu kuwa sunan matar Fir'auna ce, mumina, ba laifi a cikinsa. Boko ya haɗe su wuri ɗaya, sai mai sani ke rabewa.

Buhari kuma ya ruwaito labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyabu, mai suna Haznu, watau ƙasa mai tsauri. Annabi ya so ya mai da shi Sahlu, mai sauƙi, shi kuwa ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ba da shaida cewa tsaurin nan bai gushe daga gidansu ba.

Daga nan ake gane kuskuren da ya yawaita, na yanke suna a tsaya ga Abdul. Abdu shi ne bawa, “al” kuwa farkon sunan Ubangiji ne da aka datse, sai a bar yaro da rabin magana. Mafi muni shi ne a jingina bauta ga wanin Allah, irin Abdul Ka'aba na zamanin Jahiliyya. Haka nan akwai mai buɗe Alƙur'ani ya tsinci kalma don daɗin sautinta, alhali cikin Littafin akwai sunan Fir'auna da na Hamana.

Don haka ya kamata mahaifi, tun kafin ranar suna, ya je wurin malami masanin lugga ya tambayi asalin sunan da ya zaɓa da ma'anarsa da yadda ake furta shi. In ya rasa, to, ingantaccen hadisi ya nuna cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye wurin Allah.

Allah Ya shirya zuri'ar Musulmi, Ya sa su ci albarkacin sunayensu, amin. Allah ne Mafi sani.