Ba kowane jan mai ne man giyar motarka ba

Duk motar da aka jawo mana gareji saboda giya ta ƙi shiga, tambayata ta farko ga mai ita ita ce: wane mai aka zuba mata a juyen ƙarshe? Amsar ba ta cika canzawa ba: "Ai ATF ne, jan nan." To, jan launin nan rini ne kawai, kamfani ke saka shi domin idan mota na yoyo a gane ba baƙin mai ba ne. Bai nuna komai game da abin da ke cikin galan ba.

A giyar otomatik, aikin mai ya wuce ba da santsi. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin kwanbata. Shi ne famfo ke turawa ta siraran hanyoyi ya je ya matse faifan kuloci, waɗanda muke ce wa faiba, sannan giya ta canza. Shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, kowane kamfani ya ƙera faibarsa ne daidai da irin santsin man da ya zaɓa. Idan mai ya fi ƙima santsi, faiba ta riƙa zamewa, ta yi zafi, ta ƙone. Sai ka taka totur inji na kuka, mota ba ta tafiya. Idan kuma santsin ya gaza, giya ta riƙa shiga da duka, mota na karkarwa a ƙaramin gudu. Garin faibar da ta ƙone shi ne ke toshe filta da waɗannan siraran hanyoyi, daga nan ɓarna ta game ko'ina.

Shi ya sa sunayen suka yi yawa. Tsofaffin Toyota da dama Dexron suke sha, na bayansu T-IV, sababbi kuma WS, wanda ya fi su tsinkewa. Honda tana da nata, da Z1 ne, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Peugeot 406 otomatik, wadda ta yi baƙin jini a wajenmu har ake cewa giyarta ba ta da ƙwari, giyar AL4 ce a cikin da yawa daga cikinsu, man da aka tsara mata kuwa LT 71141 ne. A ganina an zalunci motar nan. Da yawa cikin waɗanda na buɗe, Dexron na gefen titi na tarar a ciki.

Inda abin ya fi muni shi ne giyar CVT. Wannan ba ta canza giya ta haƙora kamar sauran. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu, kuma man nata an haɗa shi ne don ya taimaki bel ɗin ya kama. Yawancin Nissan Murano tun daga 2003, Altima daga 2007, Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da Corolla 'yan Amurka daga 2014, CVT ne. Nissan na son NS-2 ko NS-3, sababbin Honda HCF-2, Toyota ma da nata daban. Zuba musu ATF na gama-gari, bel ya fara zamewa ya kankare fuskar fuli. Fulin da ya karce ba ya gyaruwa da juyen mai, sai dai mutum ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka neman wata giyar, kuma Allah kaɗai ya san irin man da ita ma ta sha kafin ta zo.

Masu giyar hannu ma ba su tsira ba. Da yawa GL-4 aka rubuta musu, amma a zuba GL-5, wanda sinadarinsa kan ci zobban tagullar da ke daidaita shigar giya. Wasu kuma su ɗura mai lamba 140 wai ya fi kauri, ya fi ƙarfi. Da safiyar hunturu sai an yi kokawa kafin lamba biyu ta shiga.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ranar ake ganin illar ba. Mota ta bar wajen juye lafiya lau, ta yi wata biyu ko uku. Sai zafin Afrilu ya haɗu da cunkoson cikin gari, ribas ya fara jinkirin shiga, mai ya koma baƙi yana ƙauri. A lokacin babu mai tuna juyen da aka yi, sai a ɗora wa motar laifi ko a ce hannun bakanike ne.

Kafin ka sayi mai, zaro sandar awon man giya ka duba. Motoci da yawa an rubuta sunan man a jikinta. In babu sanda, kamar sababbin Toyota da dama, littafin motar zai faɗa maka. Ka tabbatar sunan nan yana jikin galan, murfinsa kuma ba a taɓa buɗe shi ba, domin akwai masu tara tsofaffin galan suna ɗura musu abin da suka ga dama. Ka tsaya a zuba a gabanka.

Idan kuwa an riga an zuba wanda bai dace ba, kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa ƙarshen wata. In CVT ce, kar ma ka tuƙa ta, a ɗauko ta. Juye ɗaya ba ya wadatarwa, domin abin da ke fita ta ƙasa bai cika wuce rabi ba, sauran na maƙale a kwanbata da bututun lagireto. Sai an juye, an zuba na gaskiya, an ɗan zagaya da motar, an sake juyewa, sau biyu ko uku, a canza filta in irin mai canzuwa ce, sannan a auna mai daidai zafin da kamfani ya ƙayyade.