Ɗaukar Hoton Namun Daji a Yankari

Gandun Dajin Yankari, wanda ke cikin Jihar Bauchi, an keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga maziyarta a 1962. Kowace shekara mutane kan je da kyamara, amma da yawa kan komo da hotunan da ba a ganin komai cikinsu sai itatuwa da wani ɗan ɗigo baƙi can nesa. Galibi kuwa ba laifin kyamara ba ne, rashin sanin halin dabba ne da gaggawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, watau daga Fabrairu zuwa Afrilu. A sa'an nan ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa kuma ta kan tilasta wa giwa da ɓauna da gwanki su gangaro Kogin Gaji. Wanda ya sami wuri kusa da mashaya ya natsu, ya fi wanda ya yini yana kewaya daji da mota. A fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin da tsakar rana dabbobi na cikin inuwa, hasken kuma ya kan kashe launi. A sa rana a baya. Hazon hunturu ma ya kan dusashe abin da ke nesa.

Abin da ya fi ɓata hoto shi ne rawar hannu, musamman idan ana aiki da gilashi mai jawo nesa kusa, kamar mai milimita 300. Maganinsa ba shi da tsada: a cika ƙaramar jaka da wake ko yashi, a ɗora bisa tagar mota, a aza gilashin a kai, direba kuma ya kashe inji. Dabba mai tafiya tana bukatar saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, tsuntsu mai tashi kuwa ya fi haka. A saita gilashin a kan idon dabbar, domin in ido ya fito sarai, sauran jikin ba ya hana hoto kyau.

Sha'anin giwa yana bukatar kulawa ta musamman. Ganinta ba shi da ƙarfi, amma ba a raina jin warinta, saboda haka a tsaya inda iska ke busowa daga wajenta. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada kuma a sauka daga mota sai da izinin ma'aikacin gandun da ke rakiya. In ta baza kunnuwa tana girgiza kai, gargaɗi ne, sai a ja da baya. Hoton da aka ɗauka a natse yana da amfani har ga masu kula da dajin, domin da tsagar kunne da siffar haure suke bambanta wata giwa da wata.

Birai da ke yawo a masaukin Wikki sun saba da mutane, ga su da sauƙin ɗauka, don haka sun dace da mai koyo. Sai dai kada a yaudare su da abinci, a kuma rufe jaka da ƙofar ɗaki, gama ba su da kunyar ɗauke abin da ba nasu ba.