Yadda Za Ka Haɗa Kiɗan Halowin Ga Wasan Bidiyo

Kafin daren Halowin na 31 ga Oktoba, wasanni irin su Fortnite, Overwatch da Team Fortress 2 sukan sake kama: kabewa mai fuska, ƙwarangwal, hazo. Kiɗan da ke tashi a baya shi ma dole ya sake. In kana gina wasa, bi waɗannan matakai.

1. Tsai da irin tsoron da kake so. Kiɗan da Akira Yamaoka ya yi wa Silent Hill a 1999 na hana barci ne. Na biki kuwa ya fi kusa da na Luigi's Mansion na 2001, mai tayar da tsikar jiki ana murmushi. Na bikin za ka nufa, domin har yara suna wasan.

2. Kada ka ƙirƙiro sabo. Nan ne aikin yake. Ɗauko kiɗan da masu wasa suka riga suka haddace, ka buɗe shi a manhajar LMMS, wadda kyauta ce, ko a FL Studio. In a kan sautin C yake, sauke kowane E da kowane A da rabin mataki, sannan ka rage masa sauri. Mai wasa zai gane kiɗansa ne, amma ya ji wani abu ya karkace, kuma wannan ya fi baƙon sauti shiga jiki. Jefi-jefi ka buga F da B tare. Kunne ba ya samun natsuwa a kansu, sai dai kamar yaji ne, in ya yi yawa ya ɓata miya.

3. Sauya kayan kiɗan. Ogan na coci, ƙararrawa, ko kukan teremin, na'urar da Leon Theremin ya ƙera a Rasha wajen 1920. Biyu sun isa.

4. Taɓa bugun. John Carpenter ya gina kiɗan fim ɗin Halloween na 1978 a kan bugu biyar maimakon huɗun da aka saba, shi ya sa mai sauraro ba ya samun wurin zama. Ka kuma bar gurbin shiru.

5. Haɗa ƙarshe da farko yadda zai riƙa zagayawa ba a ji mahaɗa ba. Yanka a manhajar Audacity, ka adana a tsarin Ogg, domin MP3 kan ƙara ɗan shiru a farko.

6. Saurara a lasifikar waya. Ƙaramar lasifika tana haɗiye sautuka masu kauri, don haka in tsoron duk a can ka zuba shi, ɗaga wani sashe zuwa sama ka sake gwadawa.